Shekarar da Zulai Ba Ta Sha Azumi Ba

Idan gyaɗar bana ta shiga buhu, shekara tara ke nan da muka kai ƙanwata Zulai makwancinta a Unguwar Hajji. Ana cewa kwana a tashi yana rage zafin rashi. Wataƙila ga wasu. Ni dai hawaye ya daɗe da tsayawa, amma abin da ya tokare mini ƙirji yana nan inda yake, domin ba mutuwarta ce ta tokare ni ba. Mutuwa rigar kowa ce, ban ja da hukuncin Allah ba. Abin da ya hana ni sakewa wata magana ce da aka liƙa mata tana da rai, aka binne ta da ita, alhali akwai mutum guda da ya san ƙarya ce. Yana nan da ransa a Rogo Ruma, yana cin tuwo, yana sahun gaba a masallaci.

Ni direba ne, Karaye zuwa Kano, tun gemuna yana baƙi. Boko bai yi nisa da ni ba, don haka mai neman zaƙin alƙalami ya yi haƙuri. Yadda abin ya faru haka zan faɗe shi.

Zulai ce autar Iya, mahaifiyarmu. Siririya ce, mai dariya da ƙarfi, kuma hannunta yana da albarka a ƙuli-ƙuli, har daga wasu unguwanni ake aiko yara saye. Tun da ta fara girma, kowane wata akwai kwanakin da ba a jin dariyar nan a gidanmu. Sai in dawo daga hanya in tarar da ita a ƙudundune kan tabarma, goshi sharkaf da gumi, ga kwanon amai a gefe. Iya ta cika kwalba da ruwan zafi, ta naɗe da tsumma ta ɗora mata a mara, ta jiƙa mata kanwa. In na tambaya sai ta kore ni: "Kai tafi can, ciwon mata ne. Kowace mace da haka ta tashi. Ta yi aure zai bar ta."

Ta yi auren. Kuma ba wanda ya tilasta ta, Mamuda ta ce tana so. Mamuda aminina ne tun muna samari. Hatsi yake saye a ƙauyukan Rogo, ni nake ɗauko masa buhuna, mun ci a kwano ɗaya ba adadi, mota ta mace mana a daji mun tura tare. Ranar da aka ɗaura auren ya zo ya durƙusa a gabana yana tsokana, wai daga yau na zama Yaya. Na ce masa, "Tashi, ja'iri. Amana na ba ka." Ya ce, "Na karɓa da hannu biyu." Ina jin muryarsa har gobe.

Aure bai raba ta da ciwon ba, ƙara shi ya yi. Sai magana ta sauya, aka ce ai sai ta haihu. Haihuwa kuwa shiru, shekara ta bi shekara. Daga nan aka sa wa ciwon suna, wai sanyi ne. A ƙasarmu duk abin da ya taɓa mace daga cibiya zuwa gwiwa sanyi ne. Mai kemis ya yi mata allurar sanyi har wurin ya yi tauri. Masu magani da lasifika a bayan mota ranar kasuwa, babu jarkar da ba a saya mata ba. Ta sha sassaƙe, ta yi tsuguno a kan hayaƙi, ta zauna a ruwan ɗumi. Da duk aka gaji, sai aka ce aljani ne ya aure ta, shi yake hana ta haihuwa, shi ya sa take kuka in mijinta ya kusance ta. Aka yi ta karatu a kanta, ana tambayar aljanin sunansa. Ita kuwa abin da take iya cewa kawai, "Marata, marata." Ba zan ci haƙƙin Mamuda ba: duk shekarun nan bai gaza ba, bai kuma taɓa yi mata gori ba. Shi ya sa abin da ya biyo baya ya fi ciwo.

A shekara ta takwas da aurensu ta yanke jiki ta faɗi a gaban kaskon suya, Allah ya kiyaye man bai zubo mata ba. Washegari na ajiye lodi, na ɗauke su ita da Mamuda zuwa wani babban asibiti a Kano. Mun yi sawu ba ɗaya ba. Aka yi hoto aka ga wani ƙulli a kan ƙwanta. Daga baya aka kwantar da ita, aka huda cibiyarta aka zura 'yar kyamara, aka duba ciki, aka cire abin da zai ciru. Ni ban shiga wurin likitar ba, wa ba ya zama a yi zancen marar ƙanwarsa. A benci na jira. Mamuda ne ya shiga, ya zauna kusa da matarsa, ya ji komai da kunnensa. Shi ne kuma ya fito ya ja ni gindin wata bishiya ya kwashe ya faɗa mini.

Ya ce ciwon yana da suna, endometiriyosis, sai da ya maimaita kafin bakina ya kama. Wai irin shimfiɗar nan ta cikin mahaifa, wadda take zubewa duk wata, ita ce take tsirowa a inda ba gonarta ba: kan ƙwai, bayan mahaifa, jikin hanji. Ni da na ji sai na ce ashe gyauro ne. Lokacin al'ada ya zo, shi ma sai ya kumbura ya yi jini, ga shi babu ƙofar fita, sai ya taru ya liƙe kayan ciki da juna. Shi ne ciwon, shi ne kuma mai yiwuwa ya tare haihuwar. Idon Mamuda ya kawo ruwa. Ya ce, "Isiyaku, ashe ba sanyi ba ne, ba aljani ba ne. Wallahi mun wahalar da baiwar Allah nan a banza."

Sai ya rage murya. Ya ce likitar ta rubuta ƙwaya da za ta riƙa sha kullum ba fashi, don a tsayar da al'adar na wasu watanni, gyauron ya lafa, ciki ya huce, sannan a dakata a nemi haihuwa. Amma ƙwayar irin ta tsarin iyali ce, ita ce sak. "Ka rufa mini asiri, Yaya. In Inna ta ji, kashina ya bushe. 'Yan watanni ne, kafin ta farga an gama." Inna mahaifiyarsa ce, gida ɗaya suke, shi kaɗai ne ɗanta namiji, kuma ta ƙagu ta ga jika. Na ce masa matarsa ce, gidansa ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni da shi muka tsallaka titi muka sayo ƙwayar, shi ya sa ta a aljihun rigarsa.

Maganin ya karɓe ta. Ban taɓa ganin abu kamarsa ba. Zulai ta yi ƙiba, fuskarta ta cika, dariyar nan ta dawo. Na biya ta gidansu da lodin masara na same ta tana murza tunkuza da kanta, mai yana tsattsafowa, tana waƙa. Ta ce, "Yaya, ashe haka sauran mata suke rayuwa? Ashe an daɗe ana cutata." Azumin shekarar ya faɗo cikin damina, ta yi shi tun daga ganin wata har salla, ba ta sha ko ɗaya ba. Tun da ta balaga ba ta taɓa samun haka ba.

To, a nan gizo ya yi saƙa. Namiji ba ya lura da irin wannan, amma a gidan Bahaushe babu macen da za ta yi fashin salla ko ta daina yi, sauran mata ba su sani ba. Buta ma tana ba da labari. Inna ta ga surukarta wata da watanni tana alwala ba tsallake, ta ga azumi cikakke, ta ga kumatu. Me kuke so tsohuwa ta ɗauka? Ta hana Zulai daka, ta hana ta ɗaukar tulu. Ta fara aika mata da hanta ranar kasuwa. Zulai ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ba komai fa." Inna ta yi dariya har da tafi, domin wace 'yar mutunci ce take amsa cikin fari da bakinta? Musun ma shi ne shaida. Duk yadda ta ce babu, sai a ce kunya ce, a ƙara yaba tarbiyyar gidanmu.

Zulai ta roƙi Mamuda ya faɗa wa mahaifiyarsa gaskiya. Ya ce ta bari sai an sha ruwa. An sha ruwa, ya ce sai bayan salla. Ita kuma ya riga ya gindaya mata kada ta kuskura ta faɗa, kuma suruka ba ta zama gaban uwar miji ta buɗe zancen jininta. Kafin Babbar Salla labari ya kai dangi na kusa da na nesa. Inna tana da ɗan rago da take kiwo, ta hana a yi layya da shi, ta ce na suna ne. Da aka ga ciki bai taso ba, tsofaffi suka ce kwanciya ya yi, aka shiga neman maganin tayar da shi. Inna ta kira unguwarzoma ta duba. Matar tana zuwa asibitin gari ana koya musu aiki, ta san kayan asibiti. Ta lalube ciki ba ta ji komai ba, tana ɗaga matashi don ta gyara wa Zulai kwanciya sai ga ƙwaya. Ta juya ta, ta ce, "Inna, ai wannan ta hana ɗaukar ciki ce."

Aka aiko mini in zo. A zauren baffan Mamuda aka zauna, dattawa a kan buzu, Zulai a durƙushe daga bakin ƙofa ta lulluɓe kai, ana jiyo kukan Inna daga cikin gida. Ban shiga da fargaba ba, don na san magana ɗaya ce za ta kashe wutar. Baffan ya ajiye ƙwayar a tsakiya ya ce, "Mamuda, da saninka matarka take shan wannan?"

Mamuda ya ɗauki wani tsinke yana zane a ƙasa. Ya ce, "Ni dai na kai ta asibiti. Abin da suka ƙulla da likita ban sani ba."

Na ce, "Mamuda, ɗago ka dube ni. Ba ni da kai muka tsallaka titi muka sayo ba? Ba a aljihunka ka sa ba?"

Bai ɗago ba. Baffan ya ce, "Malam Isiyaku, yi haƙuri. Naka naka ne, ba a neman shaidar wa a kan ƙanwarsa." Na ce to ga mota a waje, duk wanda yake zauren nan ya shiga in kai shi Kano ya ji daga bakin likitar. Wani dattijo ya ce, "Su da suke raba abin, me kake so su ce?" Zulai ba ta yi kuka ba. Ta yaye lulluɓin kaɗan ta dubi mijinta, ta daɗe tana dubansa, sannan ta mayar. Kafin la'asar takardarta tana hannunta. Ni na ɗauko ta a gaban mota, daga Rogo Ruma har gida.

Ban riƙe Inna a zuciya ba. Tsohuwa ce da aka bari ta yi murna a gaban duniya, sannan aka kunyata ta, kuma abin da aka nuna mata shi ta gani. Ban riƙe unguwarzoma ba, gaskiyar abin da ta sani ta faɗa. Dattawan ma rashin sani ne, wanda ya fi dare duhu. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Mutum ɗaya ne a zauren nan ya zauna gaban likita, ya yi hawaye a gindin bishiya, ya roƙe ni in rufa masa asiri. Na rufa masa, shi kuma ya tone na ƙanwata, ya ƙara da abin da ba ta yi ba. Duk don kada uwarsa ta ce masa ya munafunce ta.

Magana zarar bunu ce. Kafin ta iso Karaye ta yi rassa. Aka ce tun daren farko take sha, shekara takwas tana yaudarar bawan Allah. Aka ce ba ta son ta tsufa ne. Wasu suka ce ai akwai wanda take ajiye kanta dominsa. Ciwon da kowa ya gani da idonsa tun tana budurwa, aka ce ƙwayar ce ta jawo shi. Masu iya magana suna cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wannan ta yi 'ya'ya har da jikoki, wadda aka yi wa ita ce ba ta samu ko ɗaya ba.

Da ta dawo gida ciwon ya dawo, har ya fi da. Na sayo ƙwayar na kai mata ɗaki. Ta tura mini ita da bayan hannu. Ta ce, "Yaya, da aurena ma ka ji abin da aka ce. Yanzu bazawara da wannan a ƙarƙashin matashi? Me kake so a kira ni?" Na ce wa zai gani. Ta ce, "Wancan karon ma wa ya kamata ya gani?" Na yi lallashi, na yi faɗa, na sa Iya ta yi mata magana. Na ce mu koma wurin likitar ko akwai wata hanya. Ta ce duk wanda ya gan ta a motar Kano ya san inda za ta. Ta zaɓi sunanta a kan lafiyarta, sunan da an riga an ɓata.

Sai ta koma wa maganin kashe zafi na kemis. Tun tana shan biyu har ta koma ba ta ƙirgawa, wani lokaci cikinta babu komai, in abin ya ci tura a kira mai allura. Haka ta yi shekara uku, tana suyar ƙulinta a ranakun da ta samu sauƙi. Manema biyu suka fito, kowanne danginsa suka je bincike Rogo, bai sake dawowa ba. Sannan ƙafafunta suka fara kumbura, fuska ta bi, ta fara aman jini. Wannan karon ba ta da ƙarfin musu, na ɗauke ta sai Kano. Suka ce ƙoda ta lalace, ga gyambo a ciki, kuma magungunan nan ne suka yi ɓarnar. Wani likita ya ce mini shi ciwon nata na asali ba kasafai yake kisa ba, wahalarwa yake yi. Na ce na sani, likita. Na san abin da ya kashe ta.

Mamuda ya zo gaisuwa. Ya zauna a tabarma ya shafa fatiha, ya ce Allah ya ji ƙanta, mace ce mai haƙuri. Na amsa da amin, don wurin makoki ba wurin tone-tone ba ne.

Sau da yawa in ina tuƙi nakan ce, da Zulai za ta leƙo yau, me za ta ce? Za ta ji ana zancen ciwon mara a rediyo da rana tsaka, likita mace tana cewa ciwon da zai hana yarinya zuwa makaranta ko ya kayar da mace daga aikinta ba al'ada ba ce, cuta ce, a je a duba. Za ta ga mata a bayan motata suna hirar allurar tazara da ashanar da ake sawa a dantse kamar suna hirar farashin barkono. Ina jin za ta yi dariyar nan tata, ta ce ashe laifinta ɗaya, ta riga mutane. Amma in ta sauka a tasha ranar kasuwa za ta tarar da mai lasifika yana nan da jarkokinsa, har yanzu komai sanyi ne. Za ta tarar da mai kemis yana miƙa wa yarinya ƙullin ƙwayoyi ba tambaya. Za ta ji uwa tana ce wa 'yarta ta daure, aure zai raba ta da shi. Kuma in ta ƙarasa Rogo ta ambaci sunanta, za a ce, "Wacce? Mai ƙwaya?"

Bara Mamuda ya shiga motata. Ba don yana so ba, mota layi ce, wadda take lodi ita ake shiga. Yana tare da matar da ya aura bayan Zulai, Allah ya ba su 'ya'ya, ban yi masa baƙin ciki ba. Tana baya tana ba wata labari da ƙarfi, wai za ta je a canza mata ashanar hannunta, don haihuwa kusa-kusa ta gajiyar da ita, kuma maigidan da kansa ya ce ta huta. Na dube shi ta madubi, ya mayar da kai taga. Da muka sauka a Kabuga na tare shi. Inna ta rasu tun shekara biyu kafin nan, wadda yake tsoro ta kau. Na ce, "Mamuda, ba faɗa na zo yi ba. Magana ɗaya nake roƙo. Ranar Juma'a in an sallame, ka miƙe ka ce: Zulai da sanina ta sha, magani ne, ni na sayo. Shi ke nan." Ya gyara hula ya ce, "Haba Isiyaku, a bar kaza cikin gashinta mana. Wadda ake magana a kanta tana gaban Allah." Na ce, "Kai ma can za ka."

Da don matacciya ce kaɗai, wataƙila da na haƙura na bar wa Allah. Amma ƙaryar ba ta tsaya a kabari ba. Ina da 'ya mai sunan Zulai, muna kiranta Ƙarama, a bayan gwaggonta ta yi wayo. Da ta girma sai ga irin kwanciyar nan a kan tabarma, ga gumin, ga aman. Na ji uwarta ta fara cewa, "Daure, in kin yi au..." Ban bari ta ƙarasa ba. Na ce wannan maganar an gama yin ta a gidan nan. Na kai yarinyar Kano. Suka duba, suka ce alamu sun nuna irin na gwaggonta ne, kuma yakan bi dangi, amma an zo da wuri. Suka ɗora ta a kan ƙwaya. Irin waccan ce, kwalin ne kawai ya sauya.

Bayan ƙaramar sallar bana wani yaro ya turo magabatansa neman aurenta. Yaron kirki ne, tela, kuma tana son sa. Mutanen wajen Rogo ne. Tun kafin su zo labari ya iso mini cewa matan gidansu suna ƙus-ƙus, wai ba 'yar wan mai ƙwaya ba ce? Uwar Ƙarama ta roƙe ni in yi shiru, a ɗaura aure tukuna, in ya so yaron ya sani shi kaɗai. Na ce an taɓa yin haka, na ga ƙarshensa. Na tambayi yarinyar, don sirrinta ne ba nawa ba. Ta ce, "Baba, faɗa musu. In za su gudu, su gudu tun ina gidanmu."

Da magabatan suka zo suka zauna aka gaisa, aka tambayi iyali da gona da gajiya, suka ajiye goro. Na sa hannu a aljihu na fito da ƙwayar na ajiye kusa da goron. Na ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. 'Yata tana da ciwon mara, likita ya ɗora ta a kan wannan. Ta tsarin iyali ce, kada wani ya gaya muku daga baya. Ni nake sayowa. Haihuwa ta Allah ce, likita bai ce ba za ta samu ba, bai kuma yi mini alkawari ba. Wannan ciwon ne ya kama ƙanwata da kuka ji labarinta, wannan maganin ta sha, kuma da sanin mijinta. In kun karɓa, ku karɓa a gaban shaidu." Babbansu ya ɗauki kwalin ya jujjuya, ya ajiye a hankali. Ya ce sun ji, za su je su yi shawara. Har yau da nake wannan rubutu shawarar ba ta ƙare ba. Uwar Ƙarama tana gaishe ni ne kawai don dole.

To me ya rage na Zulai bayan shekara tara? Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gida ba. Kaskon suyarta yana nan, da muciyarta da hannu ya sa ta yi santsi. Sunanta ya rabu biyu: ɗaya yana yawo a Rogo da ƙazantar da aka shafa masa, ɗaya yana gidana yana amsa sallama. Na Rogon ba ni da ikon wanke shi, an ce ba a karɓar shaidata. Mai ikon yana nan, ban faɗi sunan mahaifinsa ba, ban faɗi unguwarsu ba, ya san kansa, kuma na san akwai mai karanta masa jarida. Juma'a ba ta ƙare ba, Mamuda. Amma ni da kai gemu ya yi fari.

Na gidan kuwa, azumin bana Ƙarama ta yi shi cikakke, ba ta sha ko ɗaya ba. Ana gobe salla tana tsakar gida tana suya a kaskon gwaggonta, wata maƙwabciya ta shigo karɓar ƙuli, ta tsaya tana ƙare mata kallo. Ta ce, "Ke kuwa Ƙarama, duk watan nan ban ga kin huta ba. Lafiya?" Ina zaure ina ɗaura takalmi, na tsaya na kasa kunne. Yarinyar ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta juya ƙulinta ta ce, da ƙarfi yadda har na waje zai ji, "Lafiya lau. Magani nake sha, Babana ne yake sayo mini."

Iyakar abin da Zulai ta nema ke nan, wanda za ta nuna ta ce shi ya sayo mini, ya amsa. Allah ya sa ciwon da ta sha ya zame mata kankarar zunubi, ya ba ta inda ba a tambayar mace shaida a kan ciwonta.